Dashen da Muka Yi wa Pa Sori

Tun da na ajiye kaki na dawo Kura, da wuya a tashi daga majalisarmu ta bakin injin shinkafa ba a ce, "Saje Lawan, ba mu labarin Saliyo" ba. Ni kuwa sai in ba su na jirgin sama da na miyar ganyen rogo, su yi dariya, a watse. Harbi suke son ji, ni kuma ban je yaƙi ba. Lokacin da aka tura mu an riga an gama shi, ɓarnarsa kawai muka tarar. Akwai labari ɗaya da na riƙe shekara da shekaru, domin ba nawa ba ne ni kaɗai. Na abokina ne, Kofur Ɗan'azumi na Bunkure, kuma ya ce kada in kuskura in faɗa yana raye. To bana Allah ya karɓi abinsa. A zaman makoki mutanen garinsu suka yi ta tuna wata ɗabi'arsa da suke yi masa tsiya a kai. Ko gayya aka kira shi, ba ya sa fartanya a gonar mutum sai ya tsaya ya ce, "Mai gona, yaya kake so a yi?" ko da mai gonar sa'an ɗansa ne. Suka tambaye ni ko a soja ya koyo. Na ce a'a, wurin wani tsoho ya koyo, kuma da tsada.

Rana ɗaya muka shiga soja ni da shi, kuma dukkanmu daga fangalin shinkafa muka fito. Ni mahaifina malami ne mai makarantar allo, amma da gona muke ci. Shi kuwa a bakin kanal ya buɗe ido. Mutum ne mai zafin nama da zafin baki. In ya ga aiki a kwance ba ya iya wuce shi, in kuma ya ce ga yadda ake yi, ko kyaftin ne sai ya sha gardama.

Da bazara aka kwashe mu a motocin soja zuwa Legas. Mun bi ta Garun Mallam da hantsi, kwandunan tumatir jere a bakin titi, Ɗan'azumi yana leƙe ta bayan mota yana ce wa 'yan kudu da ke cikinmu, "Ku buɗe ido ku ga inda miyarku take fitowa." A Legas aka yi mana allurai da dogon bayani, aka raba mana huluna shuɗɗa. Jirgin sama kuwa ranar ce farkonmu. Yana ɗagawa sai na ji mai bakin nan ya yi tsit. Na waiga na gan shi ya damƙe carbi, ido a rufe. Na ce, "Ɗan Bunkure, leƙa ka ga teku mana." Ya ce, "Lawan, don girman Allah ka rabu da ni. Ni duk ruwan da ya fi na kanal ba ni ba shi."

Daga filin jirgi aka nufi arewa da mu, wajen iyakarsu da Gini. Hanyar ramuka ce aka jera, gadoji an karya su an shimfiɗa ƙarafa da katako, sai mun sauka mota ta haye a hankali. Amma abin da ya kashe mana hira ƙauyuka ne. Gida bayan gida ba rufi, bango ya yi baƙi, gwanda ta tsiro a tsakar ɗaki. A nan in mota ta ratsa ƙauye yara ne ke bin ta da ihu. A can da an ji ƙarar motar soja sai ka ga mata sun suri 'ya'yansu sun faɗa daji. Ɗan'azumi ya ce, "Kai! Mu fa taimako muka zo." Wani tsohon saje da ya riga mu zuwa ƙasar ya ce, "Waɗanda suka ƙone garin ma da kaki suka zo."

Masaukinmu wata makarantar firamare ce a wani ƙauye na bakin kogi. Rabin kwanonta ya tafi, muka toshe da tampol. A jikin bangon ajin da muke kwana an zana bindigogi da gawayi, kuma da gani hannun yara ne. Mun goge, amma inuwarsu ta ƙi fita.

Abinci kuwa shinkafa ce safe da yamma. Mu da muke noma ta, a lokacin sai sallah ko biki ake dafa ta a gida, sayarwa muke mu ci tuwo. Su kuwa mutum ya ci rogo ya ƙoshi har wuya, ka tambaye shi, sai ya ce yau bai ci abinci ba, tunda ba shinkafa ce ba. Miyar ganyen rogo ake zuba mata, da manja da busasshen kifi. Ranar farko Ɗan'azumi ya ture kwano ya ce wannan a Bunkure akuya ake ba wa. Ya buɗe jakarsa zai ɗauko kukar da innarsa ta ƙulla masa, sai ya tarar laimar ƙasar ta dunƙule ta, ta yi fumfuna. Kafin wata ya cika shi ne mai neman ƙari.

Aikinmu na farko tsaron iyaka ne. Iyakar kuwa gora ce aka gicciya a kan duro biyu. Ta nan 'yan gudun hijira ke dawowa daga Gini, mu kuma mu bincika kayansu kada makami ya shigo. Rannan sai ga wata dattijuwa da furfura, amma ciki ya fito mata tulu guda. 'Yar sandar da ke binciken mata ta taɓa ta ji tauri, ta ce ta kwance. Dattijuwa ta ƙi, ta rungume cikin da hannu biyu, hawaye na zuba ba sauti. Da ƙyar aka lallashe ta. Ashe shinkafa ce shanshera, wadda ba a casa ba, ta ƙulle a zani ta ɗaure a ƙugu. Ɗan'azumi ya ɗebi kaɗan a tafinsa, ya hura, ya cije ƙwaya ɗaya. Ya ce, "Lawan, iri ne. Zaɓaɓɓe kuwa." Ya mayar har wadda ta maƙale a tsakanin yatsunsa, ya taya ta ƙullewa.

Sannan ya juya wajen mijinta, wani dogon tsoho da riga mai faɗin hannu. Ko a gida ba a fara miƙa wa babba hannu, amma Ɗan'azumi da gaggawa. Ya yi sallama ya miƙa. Tsohon ya amsa sallamar da kyakkyawan lafazi, amma bai motsa ba. Hannun Ɗan'azumi na nan a miƙe, sai iska ta kaɗa hannun rigar, muka ga babu komai daga tsintsiyar hannu zuwa ƙasa. Duka biyun. An gaya mana tun a Legas cewa 'yan tawaye sun yanke wa mutane hannuwa, amma wallahi sai ranar na ji abin a jikina. Ɗan'azumi ya janye hannunsa ya ɓoye a baya kamar ya saci wani abu. Daga ranar, duk sanda zai gaishe shi, a ƙirji yake dafawa.

Sunan tsohon Pa Sori, matar kuma Ya Fatu. Pa da Ya kamar ka ce Baba da Inna ne. Ashe mutanen ƙauyen da muka sauka ne, kuma 'ya'yansu maza yaƙi ya cinye su. Irin Turancinsu ya yi kusa da burokar da muke yi a bariki, in an yi a hankali ana fahimtar juna. A masallaci muka saba. Ya Fatu ce ke yi masa alwala a gida, ran da kuwa alwalar ta karye masa a hanya Ɗan'azumi ne ya ɗauki buta ya yi masa. Dukkanmu Kano yake kiranmu. Shi ya ba mu labarin irin nan. Na kakansa ne. Da irin Ya Fatu ta gudu, ta bar tufafinta. Kowace shekara a Gini sai ta roƙi ɗan wuri ta shuka don kada ya mutu, kuma sun sha kwana da yunwa yana ƙarƙashin kansu ba su taɓa shi ba. Ya ce, "In ya fito bana, mun dawo gida. In bai fito ba, kabarinmu kawai muka zo nema."

Gonarsa ba irin tamu ba ce. Mu ruwa sai an buɗe kanal, ka ja shi inda kake so, ka tare shi in ya isa. Tasa a bakin kogi take, kogin kuma yana haɗe da teku. Sau biyu a yini ruwa zai hau ya rufe gonar, ya kuma janye ya bar taɓo. Irin kuwa a kan tudu bayan gida Ya Fatu ta watsa shi don reno, da damina ta faɗi. Damina fa, jama'a! Sai a yi mako ana yi ba ɗaukewa, takalmi ya yi kore, wanki ya ƙi bushewa.

Kun sani a nan iri ba ya wuce wata a wurin reno. Na Pa Sori ya wuce wata, ya kama hanyar gwiwa. Masu fadama a cikin tudu duk sun gama dashe. Ɗan'azumi ya ce, "Baba, irin nan ya isa dashe." Tsohon ya ce, "Tukuna, Kano." Aka kwana biyu ya sake faɗa masa, ya sake cewa tukuna. Muna komawa makaranta Ɗan'azumi ya ce da ni, "Ka san abin da ke damun dattijon nan? Ba shi da mai yi masa, kuma ba zai roƙa ba. Yana ji yana gani irinsa zai tsufa a tsaye. Mu 'ya'yan gona muna nan? Haba!" Ni ma na ga haka abin yake.

Ana nan sai wasu likitoci suka zo babban gari suna auna mutane don hannun roba. Pa Sori da Ya Fatu suka tafi na 'yan kwanaki. Ɗan'azumi ya samu kyaftin, kyaftin ya ji daɗi ya ce irin aikin da ake so ke nan. Muka tara duk wanda ya san dashe a cikinmu, da na Kano da na Haɗeja da na Kebbi. Ruwa na janyewa muka faɗa. Muka tuge iri, muka datse masa kai yadda muke yi a gida, muka ja igiya, muka dasa biyu-biyu, uku-uku, layi a miƙe kamar fareti. Taɓo har cinya, matsattsaku na shan jininmu, wani ɗan Kebbi ya bar takalminsa ɗaya a ciki har yau, amma muna waƙa muna raha. Mutanen ƙauye suka jeru a gaɓa sun harɗe hannu suna magana ƙasa-ƙasa da yarensu. Wani dattijo ya matso kamar zai ce wani abu, ya dubi bindigar mai gadinmu, ya koma. Mu muka ɗauka mamakin ƙwarewarmu suke yi. Mun dasa rabin irin ke nan ruwa ya hau ya kore mu. Ɗan'azumi ya ce gobe mu ƙarasa. Washegari aka tura mu rakiyar motocin abinci, abin da ya ceci sauran rabin ke nan.

Da muka dawo, ko kaya ba mu ajiye ba Ɗan'azumi ya ja ni bakin kogi in ga aikinmu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Taɓo ne fetal, sai turakun da muka ɗaura igiya. Ƙananan ƙaguwa ko'ina, suna shiga rami suna fita. Sun bi dashen ɗaya bayan ɗaya sun datse shi daga gindi kamar da almakashi. Wanda suka bari kuwa, tunda mun gajarta shi, ruwa ya rufe masa kai ya tafi da shi.

Muna tsaye a wurin su Pa Sori suka iso. Awo kawai aka yi masa, hannun bai samu ba. Ya Fatu ta riga ta ga wurin reno rabi a tuge. Tana ganin gonar ta zauna daɓas a cikin taɓo, ta ɗora hannu a ka ta saki wani irin kuka. Na ji kukan mata a wurin mutuwa ba adadi, ban taɓa jin irinsa ba. Ɗan'azumi ya cire hula ya durƙusa ya ce, "Baba, ni ne. Taimako na yi niyya."

Tsohon ya daɗe yana kallon gonar. Sannan ya ce, "Na sani, Kano. Muna barinsa ya yi tsawo ne don kada ruwa ya rufe shi, ya yi tauri don ƙaguwa ta kasa yanka. Muna cusa da yawa a rami ɗaya don ta ci ta bar mana saura. Kuma har yanzu akwai gishiri a ruwan nan. Sau biyu kana gaya mini ya isa, ban ji ka tambaye ni dalili ba." Ya ɗago dungayensa. "Hannu suka cire mini, Kano. Ba su cire mini baki ba."

Wallahi gara ya zage mu. Ɗan'azumi ya daina cin abinci, ya daina gardama, har 'yan kudu suka fara tambaya ko an yi masa rasuwa a gida. Ya roƙi kyaftin shinkafa daga sitonmu ya kai musu. Ya Fatu ta dubi fara tas ɗin shinkafar ta ce wannan ba ta tsira, ta juya ta shige ɗaki. Ɗan'azumi ya bi gida-gida neman iri, kowa ya riga ya watsa nasa. Rabin nan da ya rage a kan tudu shi ke nan. Sai ya zama kullum in ya tashi aiki zai je ya zauna a gindin wani mangwaro kusa da ƙofarsu, ba ya cewa komai, su ma ba sa ce masa. Ni nakan raka shi, don ina jin tsoron halin da yake ciki.

Wata rana da la'asar Pa Sori ya fito ya wuce mu ya nufi kogi, ya ce ba tare da ya waigo ba, "Taso." A bakin ruwa ya ce, "Ɗebo mini a tafinka." Ɗan'azumi ya ɗebo, tsohon ya sunkuya ya kurɓa daga hannunsa, ya juya shi a baki, ya tofar. Ya ce, "Gishiri ya tafi. Gobe da hantsi ruwa zai janye. Ka zo da hannunka, ka bar bakinka a bariki."

Haka aka yi. Aka zaunar da tsohon a kwalekwale, mu muna cikin taɓo. Iri ya kai ƙugu, ba wanda ya taɓa masa kai. Aka ba mu wani ƙarfe mai baki biyu, ka damƙi iri cike da hannu, ka sa gindinsa a bakin ƙarfen ka luma can ƙasa. Babu igiya, babu layi. A idon ɗan Kura ɓarnar iri ce ƙarara, ni kaina sai da na haɗiye magana. Amma Ɗan'azumi kafin ya luma sai ya ɗago ya ce, "Baba, haka?" Tsohon ya ce ƙara, ko matsa gaba, ko yauwa. Wannan karon mutanen ƙauye ma sun shigo. Irin bai rufe ko rabin gonar ba.

Sai jira. Kullum Ɗan'azumi na bakin kogi yana duba gindi-gindi. Ƙaguwa ta ci nata, amma a kowane rami ta bar saura. Shinkafa ta kama, ta yi 'ya'ya, ta kai ƙirjin mutum. Ran da ta fara fitar da kai da gudu ya shigo makaranta, laka har wuya, yana cewa, "Lawan, ta haihu! Wallahi ta haihu!" Ranar ya ci kwano biyu.

Ta sunkuya ta yi ja ke nan aka ce wa'adinmu ya cika, wasu za su karɓe mu. Mun ga farkon girbi. Su ba lauje suke sawa ba, da 'yar wuƙa Ya Fatu take bin zangarniya ɗaya-ɗaya tana zaɓar masu nauyi. Ta ɗaure damin farko ta rataye a saman murhu inda hayaƙi zai kare shi. Pa Sori ya ce abin da za su samu ba zai kai su wata daminar ba, za su haɗa da rogo. Amma iri ya dawo gida.

Ran tafiya motoci na ta ruri, muka ruga mu yi musu sallama. Ɗan'azumi ya dafa ƙirji kamar kullum. Sai Pa Sori ya yi wa matarsa magana da yarensu. Ta dube shi, ya sake faɗa. Ta naɗe masa hannun rigar dama har gwiwar hannu. Ya miƙo dungun. Ya Fatu ta ce da ni a hankali, tun ranar da aka yanke bai taɓa miƙa wa kowa shi ba, ko limamin garin. Ɗan'azumi ya durƙusa ya kama shi da hannu biyu, ya fashe da kuka kamar yaro, a gaban kyaftin da kowa. Tsohon ya bar shi ya yi mai isarsa, sannan ya ce, "Tashi, motarka za ta tafi. Ka gaida mutanen Kano."

A hanyar dawowa bai ji tsoron jirgi ba, har teku ya leƙa. Ba mu sake jin labarinsu ba, kuma na san da wuya suna raye yanzu. Allah ya ji ƙansu. Da muka yi ritaya Ɗan'azumi ya koma gonarsa a Bunkure, ya ci gaba da tambayar mutane yaya suke so a yi, suna yi masa dariya yana taya su.

Ran da ya rasu ni aka kira cikin masu yi masa wanka, tunda ni ne abokin da ya rage. Da aka zo alwala na ɗago hannunsa na dama, duk kanta da tsagar fartanya. Na wanke shi, amma na kasa ajiyewa. Ina nan riƙe da shi har sai da liman ya taɓa kafaɗata ya ce, "Saje, a ci gaba, mutane na jira."